Rigarsu ce a jikinsa, amma wai ba nasu ba ne

Ni tsohuwa ce a nan Gure, ban taɓa zama lakwal ba, wato makarantar boko, maƙwabciyata ke rubutawa ina faɗa. A lokacin da abin nan ya faru, da abu biyu nake taƙama: ba a taɓa jin bakina gaban hukuma ba, kuma amana ba ta taɓa salwanta a hannuna ba. Ina da jika da na goya tun rasuwar uwarsa, shi ne cina, shi ne shana, ga matarsa da jaririya.

Ana nan ana nan, sai wani kamfanin kai saƙo ya buɗe rumfa a tashar mota. Kaya su zo daga Damagaram, 'yan moto, wato masu babur, su rarraba su cikin gari da ƙauyuka. Jikana ya bar kabu-kabu ya shiga. Suka ba shi riga mai tambarinsu. Su ke cewa tafi Bune, su ke cewa dawo, in ya makara su zage shi ta waya. Moto nasa ne, mai ma shi ke sha. Ni kuwa in na ga rigar nan sai in tsokane shi wai mijina ya zama ma'aikaci, shi kuma ya ce ai na yi masa tsufa, yana samun girma zai sake ni.

Wata ranar kasuwar Gidigir suka lafta masa kaya har ba a ganin ƙeyarsa. Ya ce sun yi nauyi, patoronsu, wato shugaban rumfar tasha, ya ce in ba zai iya ba akwai masu jira. A inda rairayi ya hau kwalta moto ya kwashe shi, ƙafar dama ta karye. Bayin Allah suka kawo shi gida har da kayan. Nan na yi abin da na gada. Na ce ba za a kai shi likita a yanke masa ƙafa ba, na kira mai ɗori. Na sa aka mai da kayan mutane tasha tun kafin la'asar, don amana ce. Rigar ma na wanke jinin, na ɗinke inda ta yage, na haɗa musu. Ba a kira jandarma ba, don ban san ana kiransu ba in ba wani aka kaɗe ba.

Washegari patoro ya zo jaje da shayi da sukari, da mutum biyu a bayansa. Ya durƙusa har ƙasa, Iya kaza, Iya kaza, ya tambaya ko akwai abin da muke riƙe da su a rai. To me tsohuwa za ta ce wa wanda ya zo dubiya? Na ce ƙaddara ce, babu komai tsakaninmu, mun yafe duniya da lahira. Ya waiwaya ya ce wa mutanensa sun dai ji ko. Wallahi na ɗauka ladabi ne.

Ɗori bai kama ba, ƙafa ta kumbura, dole muka je likitan da na guda. Sun ceci ƙafar, amma gwiwa ba ta lanƙwasawa, shi da moto sai kallo. Na ɗaura zane na tafi Damagaram wurin masu kula da haƙƙin ma'aikata. Mutumin da na samu a ofishinsu ya ce akwai doka, wanda ya ji ciwo a bakin aiki ubangidansa ke ɗaukarsa. Aka kira kamfani, suka ce ba su san jikana ba, patoro suka ba kwangila. Aka kira patoro, ya ce yaro mai zaman kansa ne, motonsa ne, da ganin damarsa ya ɗauki kaya. Takardar jandarma babu, ta likita ta ranar babu, riga tana wurinsu, ga shaidu biyu cewa mun yafe. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, Iya, da tsintsiyarki kika share sawun.

To ina tambayar masu yin doka. In kwali ya fashe nasu ne, sai yaro ya amsa laifi, in ƙafa ta fashe kuma tasa ce shi kaɗai? Ranar umarni ɗansu ne, ranar jini baƙo ne? Wanda ya ɗora kaya ya ce tafi, shi ya kamata ya ɗauki wanda ya faɗi, ko da wane suna ya kira shi. In ba a ɗaure wannan ba, guragu za su cika ƙofofin gidajenmu, kamfani kuwa ya canza wuya kawai ya rataya rigarsa.

Da na dawo na bi ta tasha, sai na ga rigar a jikin wani mai iyali, na gane ta da ɗinkina. Na tsaya tsakiyar jama'a na ce na janye yafiyata. Patoro ya yi dariya ya ce magana zarar bunu ce, Iya. Na ce masa yafiyar da aka zo sata da shayi ba ta hawa sama.

Iyaye mata, kafin ɗanku ya sa rigar wani, ku tambaya wa zai ɗauke shi in ya faɗi. In tsautsayi ya zo, jandarma da likita tukuna, amanar kwali ta jira. In kuma suka zo jaje, ku shimfiɗa tabarma, ku ba su ruwa, amma ku riƙe yafiyarku a baki har sai yaro ya tashi da ƙafarsa. Ni tawa na bayar jikana yana kwance, ga shi har yau da sanda yake zuwa masallaci.