Mu Ido, Baba Kunne

Rannan na shiga shagon aski a unguwar Manfuha, nan ƙasar Larabawa, ina jiran layi, sai na ɗaga kai na ga talabijin ɗin bango tana nuna wasan asibitin nan. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ashe har yau ba a gama shi ba! Dogon Likita, wanda muka sani saurayi yana tsere a baranda da farar riga, ga shi nan ya yi furfura ya ajiye tumbi, wai shi ne shugaban asibitin yanzu. Na yi ta ƙyaƙyata dariya ni kaɗai har mai askin ya tambaye ni ko lafiya. Ina zai gane? Mu muka ga farkon abin nan, tun asibitin bai wuce ɗaki uku da baranda ɗaya ba.

A shekarun nan mu shida ne a wani tsohon gida a bayan kasuwa, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. Ni shagon kayan masarufi nake tsaro, ana rufewa bayan azahar sai la'asar. Sauran ma rana kan koro su gida. Daidai lokacin ake sako wasan, na wata ƙasa ne aka juya shi zuwa Larabci. Sai mu baje faranti ɗaya na shinkafa a tsakiya, kowa hannu a abinci, ido a akwati.

Matsalar ita ce Larabcinmu na ciniki ne. Nawa ne, kawo, kai, yalla, shi ke nan. Mutum ɗaya ne ke jin abin da ake faɗa, wani dattijo ɗan Damagaram da muke kira Baba. Gadi yake a wani bene a unguwar Murabba, ya kwana can ya wuni gida. Ya fi mu duka daɗewa a ƙasar, Larabci kuwa kamar da shi aka yi masa huɗuba. Ni Bakano ne, don haka tsakanina da shi sai tsiya. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum “bawana”, ni kuma in ce masa ai bayin Kanawa ba su da bayi.

Sai dai Baba ba ya gani sosai. Yanar ido ce ta rufe masa ido biyu, talabijin a wurinsa haske ne kawai ke motsi. To haka muka raba aiki ba tare da an yi taro ba: mu ido, shi kunne.

“Baba, ta shigo! Nas Mai Kuka ce, ta harari Dogon Likita.”

“To ku rufe mini baki in ji. Yauwa. Ta ce me ya hana shi kiranta jiya. Shi kuma ya ce zuciyarsa ce ta rabu biyu.” Sai ya dakata da lomar a hannu. “Bawana, a ina suke wannan zancen?”

“A ɗakin tiyata, Baba.”

“Da mara lafiya?”

“Ga shi nan a kwance, cikinsa a buɗe.”

“La’ilaha illallahu! Ɗan mutane a farke kamar buhu, su suna rabon zuciya!”

Mu kwashe da dariya har wani ya ƙware. Kai, mun ji daɗin zamanin nan. A lokacin wasan bai lalace da yawan mutane ba, kowa mun san shi, mun san uwarsa, mun san wanda yake ƙi. Akwai wani Bazazzage mai walda a cikinmu, ƙato, wanda ranar da aka kori Nas Mai Kuka daga aiki ya ture faranti ya ce shi ya ƙoshi.

Ana nan sai idon Baba ya tona masa asiri a wurin aiki. Wata safiya ya tsaya yana gaida tukunyar gas da aka ajiye a bakin ƙofa, har da tambayar iyali, kafilinsa, mai gidan da ya tsaya masa a ƙasar, yana tsaye yana kallo. Mutumin kirki ne, bai yi faɗa ba. Ya nemo masa mau’idi a asibiti, wato ranar da za a cire yanar. Amma ya faɗa masa gaskiya: in an yi aiki, gadinsa na nan, in ya ƙi, ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba, sai gida. Gida kuma akwai bakuna da yawa da ke ci daga gadin nan.

Baba ya ce atafau.

“Ni in kwanta lokotoro ya sa mini wuƙa a ido yana tunanin budurwa? Da kunnena nake jin abin da suke yi.”

Muka ce Baba, wasa ne fa, shiri ne. Ya ce, “Shiri? To a ina suka gani suka shirya? Banza ba ta kai zomo kasuwa.” Na yi lallashi, na yi zagi irin na wasa, na ce Damagarawa dama tsoro ne gadonsu. Ya ce ya ji, a bar shi da gadonsa.

Cikin wannan ja-in-ja aka kawo wani tsoho a wasan, ya faɗo daga tsani, aka yi masa aiki a kai aka naɗe shi da bandeji. Nan take muka sa masa Mai Rawani. Baba ya saurari kukan ’yar tsohon, sannan ya yanke hukunci: “Ga sa’ana nan. In ya tashi, zan je. In bai tashi ba, ku raka ni filin jirgi.”

Jama’a, Mai Rawani ya shiga doguwar suma, masu wasan kuma suka manta da shi. Aka tafi bikin wata likita, aka fasa bikin, aka gano Dogon Likita yana da ɗan’uwa tagwaye a kurkuku. Mu dai ba abin da ya dame mu, jira muke a leƙa ɗakin tsohonmu. In an nuno shi sai mu yi caa: “Yana numfashi, Baba! Wallahi kamar ya yi ƙiba!” Bazazzagen nan har laban, wato nono, ya sayo ya raba wa masu shara, ya ce sadaka ce Allah ya tashi kafaɗun mara lafiya. Wani ustazu a cikinmu ya ce wannan ai hauka ne, ana yi wa hoto sadaka. Washegari ni na ji shi da kunnena, da aka nuno Mai Rawani, yana cewa “Allah ya ba ka lafiya” ƙasa-ƙasa.

Ranar da tsohon ya motsa yatsa kuwa, ihun da muka yi sai da maƙwabtanmu ’yan Bangaladash suka buga ƙofa, sun zaci gobara ce. Baba ko gezau. Ya ce, “Yatsa ba mutum ba ne.”

Ƙarya ma an gwada. Bazazzagen ya daka tsalle wata rana: “Ya tashi zaune, Baba! Yana shan shayi!” Baba ya karkata kunne, ya lalubo takalminsa ya jefa inda muryar take. “To don me ’yarsa take cewa Baba ka buɗe ido? Maƙaryacin banza.” Takalmin ni ya samu.

Ranar mau’idi ta yi ta matsowa, dariyarmu ta fara gajarta. Ana gobe za a je, muka zauna ba wanda ya iya cin abin kirki. Aka nuno ɗakin Mai Rawani, likitoci suka shigo a guje, ana danna masa ƙirji. Sai na’urar da ke gefen gadonsa ta saki wata doguwar ƙara ba tsayawa. Baba bai tambaye mu ba. Shi da kansa ya fassara mana, a hankali: “Lokotoro ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu.”

Na ji haushin masu wasan kamar in fasa akwatin, na ji tsoro kuma, don na san taurin kan mutumin nan. Har na hango mu a filin jirgi, ni riƙe da jakarsa, shi riƙe da kafaɗata. Ina son tsohon nan, ban taɓa faɗa masa ba, ranar ce na san yawan son.

Baba ya yi wa mamacin addu’a, ya wanke hannu, ya ce, “Bawana, tashi ka goge mini farar rigata.”

“Ta tafiya gida?”

“Wane gida? Ta zuwa likita gobe.” Muka saki baki. Ya ce, “Ku kallo kawai kuke, ba ku lura. Tun ranar da aka buɗe asibitin nan nake sauraronsu, ba su taɓa kashe tsoho biyu a mako ɗaya ba. Wannan bawan Allah ya tare mini.”

Ustazu ya buɗe baki zai yi gyara, Bazazzagen ya toshe masa shi da gurasa.

Ni na raka shi. Likitan ɗan Sudan ne, mai fara’a. Kafin a taɓa shi Baba ya ce yana da tambaya. Kana da aure? Akwai. Kuna zaman lafiya da uwargida? Alhamdulillahi. A cikin ma’aikatan nan babu wadda ka yi wa alkawari? Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya rantse babu. Baba ya ce to bismillah. Ban gama shan shayin da na saya a waje ba aka fito da shi, ido ɗaya a rufe da auduga, yana mita wai ko zancen soyayya ɗaya bai ji ba, aikin gaggawa suka yi masa.

Washegari muka koma cire audugar, mu duka, kowa ya ƙirƙiro wa mai gidansa uzuri. Aka ɓare a hankali. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina.

“Subhanallahi. Da wannan fuskar nake cin abinci? Lokotoro, mayar mini da audugata.”

Muna cikin shewa sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wani ɗan hoto da gefensa ya lanƙwashe. Autarsa ce, wadda aka haifa bayan zuwansa gida na ƙarshe. Ashe ya fi shekara da hoton a jikinsa, mu da muke ba shi labarin komai bai taɓa miƙo mana shi ba. Na ce Baba, ai da ka nuna mana mun faɗa maka kamanninta. Ya girgiza kai, ya ce wannan bai so ya ji ta a bakin kowa ba.

Ya kai hoton kusa, ya ja shi nesa, ya daɗe. Likita yana ta cewa kada ya yi kuka, idon ɗanye ne.

“Kai,” in ji Baba. “Ta kwaso kunnuwana, baiwar Allah.”