Hoton Mai Farin Yadi

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ina ɗaukar hoto a Daura. Wata rana wata mata ta same ni, ta ce in ɗauki mahaifinta a shagonsa. Yayanta ya daɗe a Makka, ya ƙi dawowa, tsohon kuwa ƙarfinsa na raguwa. So take a ba maniyyata hoton su kai masa, ko zuciyarsa ta karyo.

Farin yadi tsohon yake sayarwa, yawanci na likkafani. Shagon ƙarami ne, ba taga. Idan na bar filasha a kan kyamara fuska za ta fito fayau kamar ta katin shaida, don haka na cire ta, na ja waya, na ɗora ta a kan kantar kaya ta hagu, ta fuskanci bango.

"Baba, a ɗan ɗaga kai."

"Kai, malaman yanzu sun ce haramun ne. In an tambaye ni a lahira, sunanka zan faɗa."

Na danna yana murmushi.

Da aka wanke fim ɗin sai na ga abin da hasken ya yi. Ya daki bandiran yadin ya dawo, ya haɗe rigarsa da rawaninsa da bangon suka zama fari ɗaya. Fuskar kaɗai ta rage a tsakiya, idanu a rufe, don ya ƙifta. Na sha ganin irin wannan fuskar a zaure, kafin a ɗaure makara.

'Yar ta kifa hoton a cinyarta. "Malam, wannan ba zai je ba. A sake."

Tsohon ya miƙo hannu. Ya kai hoton kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Shi za a kai," in ji shi. "In ya gan ni garau, sai ya ce baɗi."

Bayan aikin hajji ɗan ya iso, ina shagon tela na kusa. Ya tsaya a bakin ƙofar shagon mahaifinsa ya yi sallama, tsohon ya amsa daga cikin duhu. Bai shiga ba. Ya juyo gare ni, mutumin da bai taɓa gani ba, ya tambaya a hankali: "Bawan Allah, kai ma ka ji an amsa?"

Na ce na ji. Sannan ya cire takalmansa.