Hancin da Ya Yi Ritaya a Ɓoye

A layin masu gyaran manyan motoci babu wanda ya san sunansa na yanka, Hanci kawai ake ce masa. Aikinsa gyaran wutar mota, kuma shekara talatin ya yi bai taɓa mitar auna wuta ba. Idan aka kawo mota sai ya sa a buɗe, ya rufe ido, ya bi wayoyi da shinshina har ya tsaya ya ce, “Nan ne.” Kuma nan ɗin ne. Yana bambanta ƙaurin fiyus da na roba, ya ce na fiyus ya fi ladabi. Girman kai kuwa, Allah ya yi masa nasa, har raina masu mita yake yi, wai makafi ne da sanda mai batir.

To, wata takwas da suka wuce wata mura ta kama shi, da ta tashi tafiya ta tafi da hancin. Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus ya cinye har ya nemi ƙari. Tsoro ya kama shi sosai, domin a ganinsa idan layi ya ji labari, suna ya tafi, motoci sun bi shi. Sai ya saci jiki ya sayo mita daga wata unguwa mai nisa, ya ɓoye a kular abincinsa. Daga nan ya ƙirƙiro dabara. Zai yi shinshinarsa kamar kullum, sannan ya daka tsawa: “Ku ja baya, warin guminku yana rufe mini layi!” Da an watse sai ya zaro mita, ya auna a gurguje.

Ranar da asiri ya tonu, ƙanin matarsa ne ya shigo da motar ƙanƙara tana rarrafe, ruwa na zuba ta bayanta. Irin sababbin motocin nan ce masu ƙaramin tanki mai shuɗin murfi, inda ake zuba ruwan wanke hayaƙi. A cikin tankin akwai hita, don kada ruwan ya daskare a ƙasashen sanyi. Idan kwamfutar mota ta nemi hitar ta rasa, sai ta kunna fitilar gargaɗi, idan aka yi biris da ita ta riƙe gudun injin.

“Yaya, ka ji mini wannan iko,” in ji ƙanin. “Rana na dafa ƙwaƙwalwa, mota ta ce ba za ta tafi ba wai kada ta daskare. Ƙanƙarata kuwa ga ta can tana komawa ruwa.”

Hanci ya yi shinshinarsa ta al'ada, ya ce a ja baya. Mai faci da mai walda suka ja. Ƙanin kuwa ko gezau.

“Ina nan, Yaya. Ai na yi wanka.”

Kula tana kan benci, taku biyar, amma babu halin ɗaukowa. Sai ya fara da abin da ido da kunne za su iya. Ya zare fiyus ya ɗaga wa rana, lafiya lau. Ya sa aka murza makulli, ya kara kunne a ɗan akwatin da ke sakar wa hita wuta, ya ji ya yi ƙas. Ke nan wuta ta taso, saura a san ko ta isa, wannan kuwa sai mita. Ya shinshina batir. Ya shinshina taya, don dai ya ja lokaci.

“Yaya, taya ma tana da wuta?”

“Kai direba, tuƙi ka sani.”

Ya kwanta ya shiga ƙarƙashin tankin, jama'a suka durƙusa suna leƙe. Soket ɗin hitar ya yi fari fat da wani abu kamar gishiri, alamar ruwan ya daɗe yana ɗiga a kansa. Ya fizge shi, ya kuma kwance bututun da ke gefe, ruwan da ya sha zafin salansa ya tsiyayo. Wani zarni ya tashi mai yanka ido. Mai walda ya ruga yana tari, mai faci ya toshe fuska da riga, ƙanin ya koma bayan mota yana hawaye. Shi Hanci yana ƙasa bai ga komai ba. Ya cusa hanci cikin soket, ya ja numfashi mai tsawo, ya sanar da murya ta masana: “Nan babu wari ko kaɗan.”

Da ya fito ya ga idanunsu jajur, sai ya gane abin da ya yi. Kunya ta rufe shi har ya ji gara ya koma ƙarƙashin motar ya zauna. Sannan ya dubi mai faci ya ce, “Miƙo mini kular can.”

A gaban kowa ya zaro mita. Wuta tana isowa bakin soket cif. Ya auna hitar, ba ta tsinke ba. Ƙusa ɗaya ce a cikin soket ruwan ya cinye, ta yi kore ta rabu biyu. Ya yanke, ya sa sabon soket, ya ɗaure bututun da ke ɗiga. Aka kashe mota aka tayar, fitila ta mutu, ƙanin ya fice da ragowar ƙanƙararsa ko godiya sai ta taga.

Hanci ya zauna a benci, kai a ƙasa. “To, kun gani. Hancin ya mutu. Wanda zai kai motarsa wani waje ya kai.”

Mai faci ya dubi mai walda. “Maigida, ai mun sani tuni. Kwana uku mushen ɓera ya yi a ƙarƙashin bencin nan, kana zaune a kai kana cin abinci.”

“Direbobi ma?”

“Kowa. Gyara suke zuwa nema, kuma kana gyarawa.”

Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, har idonsa ya ciko. Sai kuma abin ya faɗo masa, ya miƙe zumbur.

“Wato wata takwas kuka zuba mini ido ina cusa hanci a gindin tireloli a banza?”

“Ka yi haƙuri, Maigida,” in ji mai walda. “Duk layin nan ba mu da wani abin kallo sai kai.”