Hoton da Na Ɗauka a Shagon Aro

A shekarun da wannan abu ya faru ni mai sayar da kayan sanyi ne a tashar motar Roni, sabon aure, ƙarfi a jika, zuciya a kusa. Abin da wani zai yi dariya ya wuce, ni sai na tuɓe riga a kansa. Edita, na ɓoye sunana da na duk wanda abin ya shafa, amma ba zan ɓoye halina ba, don shi ne ya kai ni inda ya kai ni. Kullum da sassafe nakan hau babur in tafi Kazaure in saro ƙanƙara wajen masu janareta, in ɗauro ta a buhu, kafin in iso gida rabi ta narke ta jiƙa min wando. In farfasa sauran in zuba a kula tare da ruwan leda da zoɓon da matata ke dafawa. Da annobar korona ta wuce aka ce kasuwa za ta farfaɗo, sai kuma man fetur ya yi tashin gwauron zabi, ribar duk ta koma tankin babur. Na gaji, kuma gajiyar ta ƙara min zafin rai.

Ana nan sai aka ji sanarwa cewa gwamnati za ta tallafa wa masu ƙananan sana'o'i da ba su daɗe da farawa ba. Ba kuɗi za a ba irinmu a hannu ba, kayan aiki ne, kuma masu kayan sanyi firiza ce mai aiki da hasken rana, da farantan sola da batir. Wallahi ranar da na ji ban iya cin abinci ba don murna. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya min a wuya, wai dole mutum ya kasance yana da tsayayyen wurin sana'a, ya ɗauki hoto a ciki, ya faɗi inda wurin yake. Ni kuwa shagona inuwar dalbejiya ce. Amma ba ni kaɗai ba ne, kusan duk abokaina haka suka yi: a je shagon wani a ari wuri, a jera kaya, a tsaya a ƙofa a washe baki, a ɗauki hoto a kwashe kaya. Akwai shagon da na san mutane da yawa sun yi hoto a cikinsa, kowa da irin hajarsa. Ba wanda ya ɗauki abin a matsayin ƙarya, dabara muke ce masa.

Ni shagon yayana na ara. Ɗan wan mahaifina ne, gida ɗaya muka tashi, gwaggonmu ce ta riƙe mu mu biyu bayan rasuwar iyayenmu maza. Tela ne, kuma hannunsa na da kyau ƙwarai, har daga Gwiwa da Yankwashi ake kawo masa ɗinkin manyan riguna. Da na je masa da buƙatar bai yi musu ba, sai ma ya yi ta tsokanata yana cewa yau ga alhajin ƙanƙara ya buɗe kamfani. Da kansa ya janye keken ɗinkinsa gefe, ya rufe yadudduka da zani, na jera kulolina, ya karɓi wayata ya ɗauke ni hoton. Na tura, na manta da zancen, don an sha yi mana irin wannan romon baka.

Ashe wannan karon da gaske ne. Ranar da masu kafa kayan suka zo na tafi Babura ta'aziyyar surukin wani abokina, wayata kuma ba caji. Su kuwa ba ni suke nema ba, wurin da ke cikin hoton suke nema. Suka iske Yaya, ya ce musu shi ɗan'uwana ne, suka hau rufin kwanon shagonsa suka ɗaure farantan da ƙusoshi da noti, suka ja waya, suka ajiye firizar a lungu, suka tafi. Da na dawo na ga abin yana ƙyalli a kan rufin wani, sai murnata ta koma ciki. Na ce wa Yaya gobe zan zo da mai gyara a kwance min kayana in kai gida. Ya ce in yi a hankali, mutanen sun ja masa kunne cewa za su dawo dubawa, kuma duk kayan da aka tarar an ɗauke daga inda aka kafa, ƙwacewa za a yi. Ya ce ga lungu nan ya bar min, in zo in zauna in yi cinikina, shi abin da yake so kawai a ja masa waya ɗaya ya kunna ƙwan fitila da fanka.

Magana ce ta hankali, yanzu na sani. Amma a majalisarmu ta bakin tasha ba haka aka fassara min ita ba. Wani ya ce an yi min sakiyar da ba ruwa. Wani ya ce ai duk abin da aka kafe a rufin mutum ya zama nasa, in je in tambayi kowane alƙali. Wani ya rantse ya ga matar Yaya tana shiga shagon da bokitin kunun aya. Na tashi ko sallama ban yi ba, na je na ɗaga murfin firizar, sai kuwa ga ƙullin kunun aya jere, sun yi sanyi ƙalau, ni ko leda ɗaya ban taɓa sakawa ba. Idona ya rufe. Na kwaso su na dinga jifa da su kan titi, na hamɓare teburin yanka, na shaƙe Yaya da wuyan rigarsa na haɗa shi da bango har kansa ya bugu. Mutumin da ya girme ni, wanda ban taɓa ɗaga masa murya ba. Maƙwabta suka ɓamɓare ni da ƙyar. Shi ma ransa ya ɓaci, ya faɗi abin da bai kamata ba, ya ce wanda ba shi da rufi ba ya cika baki da sola, kuma in tuna wanda ya ɗinka min kayan angonci kyauta. A gaban jama'a ya faɗa, wasu har da dariya.

Gwaggo ta aiko a kira ni, na ƙi zuwa. Ta tako da kanta har ɗakina da sandarta, ta ce in dubi girman Allah in bari a zauna gaban mai unguwa, ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce mata to, amma a baki kawai. Matata ta yi ta kuka tana cewa ita ta haƙura da firizar, mu ci gaba da kularmu. Na daka mata tsawar da ta sa ta kwana biyu ba ta kalli idona ba. Ni abin da ke cina shi ne dariyar nan, da kuma ganin cewa karo na farko a rayuwata an ba ni abu da sunana, ga shi a hannun wani.

Ranar kasuwa, bayan sallar Azahar, na ari tsani da babbar sifanar kwance noti na nufi shagon, abokaina biyu na bina suna ƙara min wuta. Rana ta take, kwanon kamar garwashi, amma ban ji ba. Na kwance faranti ɗaya, na fara na biyu, sai na ji tsanin na motsi. Yaya ne ya hawo. Ya kai ƙirjinsa bakin rufin, ya dafa da hannun dama, ya kama ƙafar wandona da hagu, yana cewa in sauko don Allah, zan jawo mana asara mu duka. Na ce ya sake ni. Ya ƙi. Na shure shi a kafaɗa, bai saki ba. Sai na ɗaga sifanar nan na sauke ta a kan yatsunsa da ke riƙe da bakin kwanon. Na ji ƙarar ƙashi, na ji ihunsa, kuma ban tsaya ba, na sake bugawa, na kuma sakewa. Wannan shi ne abin da har yau ban iya gaya wa kowa baki da baki ba: ba tsautsayi ba ne, ina gani na yi. Tsanin ya goce, Yaya ya tafi ƙasa, bakin kwanon ya tsarge masa hannu tun daga wuyan hannun har kusa da gwiwa, farantin da na kwance ya zame ya bi shi ya tarwatse a kansa.

Da na leƙo, yana kwance cikin ɓaraguzan gilashi, jini na tsartuwa kamar an yanka rago, farar rigarsa ta rine. Abokan nawa kuwa ko ƙurarsu ban gani ba. 'Yan kasuwa suka jawo ni ƙasa suka rufe ni da duka, wani da itacen rumfa, wani da bel, wani da dutse. Na rasa haƙora biyu na gaba a wurin, haƙarƙarina ya tsage, na ji wani na cewa a kawo fetur. Abin da ya cece ni Gwaggo ce, da ta faɗo kaina da tsufanta ta rufe ni da jikinta tana salati, har sanda ɗaya ta same ta a baya. 'Yan sanda suka zo suka jefa ni a mota, aka ɗauki Yaya zuwa Kazaure, daga can aka wuce da shi Kano.

Na yi makonni a tsare ina jiran a ce ya mutu. Bai mutu ba, amma jijiyoyin hannun sun tsinke, yatsu uku sun murƙushe, likitoci suka yi iya yinsu hannun ya ƙandare. Telan da ake layi a ƙofarsa ya koma ko almakashi ba ya iya riƙewa. Ma'aikatan shirin suka zo suka ji abin da ya faru, suka gano wurin ma ba nawa ba ne, suka kwance abin da ya rage suka tafi da firizar. Ko ruwan leda ɗaya ban taɓa sanyayawa a cikinta ba. Dangi suka taru, aka sayar da gonar gadona da babur ɗin aka biya magani. Ana shirin kai ni kotu Yaya ya aiko daga gadon asibiti cewa ya yafe, ba zai iya ganin an ɗaure ɗan ƙanin ubansa Gwaggo na raye ba. Wallahi da ɗaurin aka yi min da ya fi min sauƙi. Gwaggo ba ta ƙara lafiya ba tun dukan nan, kuma har ta koma ga Allah in na gaishe ta takan amsa ne tana kallon gefe.

Abin da ya sa na rubuto, na ji an sake fara irin wannan rabon, na kuma ga samari na yawo da wayoyi suna neman shagon da za su tsaya a yi musu hoto. 'Yan'uwana, kayan aro ba ya rufe katara. In inuwar bishiya ce wurin sana'arka, ka faɗi haka, in an ba ka alhamdulillahi, in an hana ka ba a hana ka numfashi ba. In kuma rigima ta haɗa ka da naka, kada ka kai ta majalisa, masu zuga ba sa raka mutum ofishin 'yan sanda. Ka je wurin manya tun abin yana baki, kafin ya koma hannu. Ni an kira ni zaman sulhu na ƙi, don ina ganin haƙuri ragwantaka ne.

Yanzu dako nake yi a kasuwa, Yaya kuma yana zaune a ƙofar shagon da ya ba wani haya, yana sayar da zare da maɓallai a faranti. Bai taɓa tayar min da zancen ba ko sau ɗaya. Masallaci ɗaya muke sallah, kuma duk ranar da aka sallame muka haɗu a ƙofa, shi yake fara miƙo min hannu. Hagu yake miƙowa, sannan ya ce in yi masa afuwa da ya ba ni hagu. Ni ne yake ba haƙuri.