Kacala a Saman Benenmu

Babanmu ya tsufa a Makka bai taɓa yarda cewa garin yana da ƙasa ba. Duwatsu dai, in ji shi, da yashi, da albarka. Mutumin fadamar Haɗeja ne. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya zauna, ya yi dako a Mina har bayansa ya ƙi. Mu a unguwar Mansur aka haife mu, Hausarmu rabi Larabci. Da ya bar dako sai ya koma saman benen da muke haya, ya jera gwangwanayen fenti da tsofaffin bokitai, wai shi manomi.

Kuɓewa ce abin alfaharinsa, wata 'yar gajera mai ja-ja a tsini, mai yauƙi kamar me. Gwaggonsa ce ta ƙullo masa irin a bakin zane lokacin da ta zo Hajji, tun ban yi wayo ba. Kowace shekara yakan bar 'yan kaɗan su bushe a jikin uwa, ya fasa, ya adana iri. Ƙauyen da aka ɗebo ta ya watse tuntuni, babu wanda za a aika wa ya ƙaro. To a shekarar da nake ba da labari zafi ya ƙone gonar ƙurmus, irin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Baba kuwa ya ɗora laifin kacokan a kan ƙasar leda da nake sayo masa wajen masu furanni.

"Wannan ai dusa ce," in ji shi, yana murza ta. "Ƙasar da ba ta da wari me za ta haifa?"

Wata Juma'a na kwashe shi da Inna a motata, muka nufi bakin teku wajen Shu'aiba shan iska. Kafin a kai akwai wani kwari inda ruwan da ke gangarowa daga gari yake kwanciya. Nan wata ciyawa ta yi cincirindo, kore shar, ta fi mutum tsayi, da kawuna kamar zangarniyar gero. Ina cikin tuƙi sai na ji an dafe mini kafaɗa.

"Tsaya! Tsaya, 'yar nan!"

Na taka birki, na bayana ya danna oda kamar zai cinye ni. Na ce, "Haba Baba, kashe mu za ka yi?" Ina! Har ya fita. Ya tsaya gaban ciyawar ya riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu. Kacala! Ke ma Hajji kika zo?"

Inna ta yi dariya har da ƙwalla. A nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wannan ciyawa ce ta toshe musu kogi, ta cinye gonar shinkafar mahaifinsa, ta tara tsuntsaye suka ƙarasa abin da ya rage, har mutane suka tashi. Na zaci tofa mata yawu zai yi mu wuce. Sai na ga dattijo ya naɗe jallabiya ya kutsa ciki.

Ya fito da hannu biyu a cike. A ɗaya yashi ne fari-fari da ya ɗebo daga gefe, inda ciyawar ba ta kai ba, yana zubewa ta tsakanin yatsu. A ɗayan kuwa laka ce baƙa ƙirin daga gindin kacalar, cike da ruɓaɓɓen ganye da saiwa, tana warin ƙwan da ya lalace. Ya kai ta hanci ya lumshe ido.

"Kin ji ƙasa! A garinmu in kika ga baƙar laka kin ga tuwo. Kacala ta ci gonar ubana, yau sai ta biya ni."

Ya juye ƙanƙarar da ke cikin kular Inna, ya cika ta da laka, ya ƙara da ledoji. Na yi masifa, na ce wallahi ba a motata ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ku tafi, ni da ƙasata ma zo a ƙafa." Yaya zan yi? Haka muka koma gida gilashi a sauke cikin wannan zafi, Inna ta toshe hanci da mayafi tana yi masa tsiya har ƙofar gida.

Ranar shuka na roƙe shi ya rage rabin irin. Inna ma ta sa baki. Ya yi kunnen uwar shegu da mu, wai iri ya riga ya kwana biyu, in bai shiga ƙasar kirki bana ba shi ke nan. Ya binne shi duka, yana 'yar waƙarsa ta noma.

Kullum bayan sallar asuba yana sama da butarsa. Sai lakar ta fara nuna halinta. Samanta ya bushe ya tsattsage, wani farin abu kamar kanwa ya fito a kai. Ƙarƙashi kuma ta ƙi tsanewa, saiwoyin nan sun riƙe ruwa kamar soso. Inna ta dangwali farin ta ɗanɗana.

"Malam, wannan ai ta ishi miyar biki gishiri."

Ya ci gaba da ban ruwansa. Da aka daɗe babu tsiro ko ɗaya, wata safiya na hau na same shi yana tona bokitan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙwayar da ya ciro ta yi baƙi ta yi laushi, da ya matsa sai ta narke. Ya kife gwangwani ya zauna.

"A gida kogi ne ke zuwa duk shekara ya wanke ƙasa," in ji shi a hankali. "Nan babu mai wanke ta. Ciyawar ta shanye ruwan ta bar gishirin, ganyenta kuma ya taru ya hana ƙasa numfashi."

Tausayinsa ya kama ni. Kuɓewar nan ta ƙare ke nan a duniya, mu duka mun sani. Ina juyawa don kada ya ga idona sai na hango wani abu kore a bokitin ƙarshe.

"Baba! Ga ɗaya ta fito!"

Ko tashi bai yi ba. "Duba ganyen," ya ce.

Siriri ne, dogo, a miƙe. Kacala ce. Wani baƙin ciki ya taso mini, na ce, "Shegiyar ciyawa, kin ci gonar kakana, kin biyo mu har saman bene!" Na kai hannu zan tumɓuke ta. Sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu gam.

"Bar ta, 'yar nan," ya ce, yana jawo butarsa. "Duk faɗin Makka, yanzu ita kaɗai ta san gonar ubana."