Gaskiyar Giɓin Da Ke Bakina

Malam mai jarida, sallama da fatan alheri. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne sabon aure a Matameye, haƙorana cif-cif kamar an jera farin wake, bakina kuwa ba ya rufuwa sai barci ya kayar da shi da kokawa. Duk wanda ya san ni yanzu ya san giɓin da ke bakina, ya kuma ji labarinsa. Wasu na gaya musu raƙumin wani Buzu ne ya harbe ni a kasuwar Kance, ban dire ba sai a Dungu. Wasu na ce musu kura na ciza a wuya, ta gudu da haƙoran a jikinta, har yau tana yawo da su. Yara kuwa cewa nake yi ɓarawo ya kwashe su ina cikin hamma. Duk ƙarya ce. Yau nake so in faɗi na gaskiyar, ko da yake shi kaɗai ne babu abin dariya a cikinsa.

A zamanin nan Nasaran Faransa bai daɗe da zama a ƙasarmu ba. Akwai bariki a bakin gari, da Kumandan, da tafinta, da gardawansa masu jar hula da dorina. Ni na yi karatun allo, hannuna yana da kyau, shi ya sa tafinta ya samo mini aiki a biro, wato ofishin Kumandan. Ga yadda aikin yake. Duk ma'aikacin da aka aika tafiya, ko gardi ko mai kai wasiƙu, a duk garin da ya kwana sai limamin garin ya rubuta masa ƴar takarda da ajami: wane ya kwana a nan, ya ci tuwo, dokinsa ya ci tiya kaza ta gero. In ya dawo sai ya miƙa mini. Ni zan karanta, tafinta ya juya, Kumandan ya rubuta lissafi, a biya ma'aikacin kuɗin guzurinsa, garin da ya ciyar da doki kuma a rage masa a cikin lanho, wato harajin shekara. Kumandan ba ruwansa da sunan ƙauye, jimla kawai yake tambaya, don haka ko sunayen ba na faɗa. Daga nan takardun su shiga akwatin ƙarfe, makulli ya koma ƙugunsa. Ran da na kama aiki tafinta ya ja kunnena, ya ce in sani fa abin da ke cikin akwatin nan sawun mutane ne, inda suka taka da inda suka kwana, kada in fita da ko ɗaya bakin ƙofa. Na ce masa ai ni cikina rijiya ne, ko jaki aka jefa ba a jin ƙarar faɗuwarsa. Ya yi dariya. Kowa dariya yake yi mini.

Cikin masu kai wasiƙu akwai taubashina, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai bawa, ko bawan gidanmu, ko mai bakin tulu. Ni kuma in ce masa ubangijin yunwa, wanda dokinsa ya fi shi nama. Muka yi ta zagin juna a gaban manya, a wajen suna, a wajen biki, ba mai tsawatarwa, don hakkinmu ne. Yana da ƙane guda, ƙato ne manomi, matarsa na da ciki. A shekarar nan Nasara na yaƙi a can ƙasarsu, sai aka shiga kamun maza ana kai su soja. Ƙanen nan yana cikin waɗanda aka ɗaure a igiya ɗaya za a kai Damagaram, amma a hanya ya zare wuyansa ya faɗa cikin gero, aka neme shi aka rasa. Babban gardin da ke jan igiyar shi ya sha hukuncin, Kumandan ya mare shi a gaban yaransa, ya cire masa igiyar muƙami guda daga kafaɗa. Mu dangi kuwa duk mun ɗauka yaron ya tsallaka ƙasar Ingilishi, hankalinmu kwance.

Sai na fara lura da wani abu a takardun taubashina. Duk tafiyar da ya yi kudu, sai na ga sunan wata ƴar ƙauye da ke bayan Dawce, gab da iyaka, wadda ba ta kan hanyarsa ko kaɗan. Ya je ya kwana can, ya dawo ya kwana can. Wallahi ko sau ɗaya ƙanensa bai faɗo mini a rai ba. Abin da na ce a zuciyata shi ne, ashe malam shiru-shiru bazawara ya ajiye. Na riƙa jin daɗi kamar wanda ya tsinci dala, na adana maganar ina jiran ranar da za ta fi zafi.

Ranar ta zo da watan cika-ciki, lokacin da taubasai ke bin juna kuɗin shara. Ta kuma dace da ranar kasuwa. Na iske shi a rumfar mai tsire, mutane cike, na tare shi da igiya a hannu ina cewa ubangiji ya fito da sharata ko in ɗaure shi in kai mahauta su auna, ko da yake na san ƙashi kawai za su samu. Ya ce bawa ya yi haƙuri, bana ko tsakin kaza ba za a ba bayi ba, sun yi ƙiba da yawa. Aka bushe da dariya, ni kuwa ba na yarda a yi dariyar wani ta fi tawa. Sai na ce ai dole ya rasa kuɗin shara, tunda duk guzurinsa a ƙauye kaza yake ƙarewa. Na ambaci sunan ƙauyen da ƙarfi. Na ce dokinsa ya cinye geron garin kaf har ya fara cin dangar mai gari. Na ce dokin ya san hanya har in aka sake shi yakan tafi shi kaɗai ya yi sallama a ƙofar gida. Na ce ni da idona na ga takardun, in aka shimfiɗa su za su kai daga nan har Kano. Mutane har da masu faɗuwa daga kan benci. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya sa hannu a aljihu, ya ajiye mini kuɗi a tafi, ya tashi ya bar tsirensa. A tsawon rayuwarmu ranar ce ta farko da na zage shi bai rama ba, ni kuwa da wautata na ɗauka nasara na ci.

Babban gardi yana cikin rumfar. Ya fi kowa dariya. Ya sa aka ƙaro mini tsire, ya dafa kafaɗata, ya ce Malam ƙarami, maimaita mini sunan garin nan, ko mu ma ma je mu ga bazawarar. Na maimaita, har na kwatanta masa hanya.

Da safe na iske an tsare taubashina a bakin biro, hannuwansa a baya. Kumandan ya buɗe akwati, ya zube takardun a tebur, tafinta ya ce in karanta su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon har da sunan gari. Na fara inda-inda, na ce rubutun ya cuɗe, tawada ta jiƙe. Babban gardi ya zuba mini dorina a wuya sau ɗaya, sai rubutun ya washe. Na karanta. Kowace takarda na ambaci sunan ƙauyen nan da bakina, taubashina yana jina ta taga.

Da ni da taubashina aka tafi ƙauyen, shi a ɗaure, ni kuwa wai don in nuna limamin da ya yi rubutun. Mun isa rana ta take, mata na sussuka a bakin gari. Gardawa suka zagaye gidajen, suka tara kowa a gindin wani gawo. Aka fara da liman, aka tuɓe masa rawani aka ɗaure shi da shi. Sannan mai gari, tsoho tukuf, aka rungumar da shi gawon nan, aka yi ta zuba masa dorina har rigarsa ta manne da bayansa, ana tambayarsa ina yaron da ya zare daga igiya, ƙanen taubashina. Ya ce bai san wani yaro ba, shi dai doki ya ciyar. Wata tsohuwa ta faɗa kan gardi tana cewa ɗana, ka ji tsoron Allah, sa'an ubanka ne, ya ture ta da gindin bindiga ta faɗi kan turmi, jini ya wanke mata fuska. Babu wanda ya tona inda yaron yake. Ni da nake ƙara wa kowane labari gishiri, wannan rage shi nake yi, don abin da na gani ya fi abin da hannuna zai iya rubutawa.

Da duka ya ƙi ci, babban gardi ya sa a riƙa soka wuƙar bindiga a cikin rumbuna. Da ya ga hakan na cin lokaci, sai ya ɗauko icce mai wuta daga murhun wata mata ya cinna wa rumbu na farko. Abincin shekara guda ya tashi kamar busasshen kara. Aka cinna wa na biyu. Mata na kururuwa, awaki na tsinke igiya. A na uku ne muka ga jinka ta ɗaga, ga ƙanen taubashina ya faɗo ƙasa, rigarsa na ci da wuta. Ya yunƙura zai gudu ya kasa. Sai na ga ƙafarsa a kumbure kamar gora, da ɗan tsinke a naɗe a idon sawu. Kurkunu ne. Ashe ya iso nan har yana hango bishiyoyin ƙasar Ingilishi, ciwon ya kayar da shi, mutanen garin suka ɓoye shi suna jiran tsutsar ta gama fita.

Gardawa suka rufe shi da duka. Taubashina, da yake ɗaure, ya finciko kansa ya faɗa kan ƙanensa ya rufe shi da jikinsa. Suka janye taubashin nawa, suka kwance shi, babban gardi ya sa aka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dutsen niƙa, ya ce wannan ne hannun da ke karɓar kuɗin Nasara yana ciyar da mai gudun Nasara. Ya daka shi da gindin bindiga har sai da yatsun suka daina kama da yatsu. A nan ne na ruga ina ihu, ina cewa ƙarya na yi, kowa ya san ni maƙaryaci ne, wasan taubashi ne kawai, a tambayi duk Matameye. Babban gardi ya juyo, ya ce ai yau ce rana ɗaya da na faɗi gaskiya, ga tukuicina. Ban ga tasowar bindigar ba. Na dai farka da ƙasa a bakina, ina tofar da haƙorana kamar tsabar gurjiya.

An ɗaura wa yaron igiya a ƙugu aka haɗa da sirdi, ga shi da ƙafar da ba ta taka ƙasa. Ya yi ɗingishi, ya yi rarrafe, daga baya doki ne kawai ke tafiya. Kafin mu kai Dawce ya cika. A gefen hanya aka bar wa wasu manoma gawarsa. Matarsa ta haihu bayan kwanaki kaɗan, ɗa namiji.

Taubashina ya daɗe a gidan kaso. Na yi ta zuwa ina komawa daga ƙofa, sai wata rana na daure na shiga da fura. Na tambaye shi abin da ya hana ni barci tun ranar: me ya sa ya bari aka rubuta sunan garin, alhali yana iya kwana ba takarda? Ya ce mutanen nan talakawa ne, suna ciyar da ƙanensa, suna ciyar da dokinsa, ba shi da abin biyansu sai ya sa a rage musu lanho. Ya ce kuma ya san duk duniya mutum ɗaya ne ke karanta takardun nan, kuma ɗan gwaggonsa ne. Ya faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, ya karɓi furar da hannun hagu, ya ce an gode, Malam.

Na bar aikin biro a wannan shekarar, na koma ɗinkin hula. Barkwanci kuwa ban iya bari ba, da shi aka halicce ni, shi ya sa na ƙirƙiro raƙumi da kura don kada a tambaye ni gaskiya. Amma yanzu ina ganin birori sun yawaita, yaranmu sun yi lakkwal, wato makarantar boko, suna zaune kan takardun tafiyar mutane, sun san wanda ya kwana ina da abin da ya ci, da yamma kuma su zo majalisa suna ba da labari don a yi dariya. Ku ƴaƴana, abin da kuke gani lissafin gero ne, ga mai shi wataƙila ran ɗan'uwansa ne a ciki. Ba ku san dalilin da ya kai mutum wani gari ba, ba ku kuma san wanda ke zaune a rumfar yana taya ku dariya ba. An ba ku takardar don ku biya shi hakkinsa ne, ku biya shi, ku rufe akwati, ku rufe bakinku tare da shi.

Taubashina yana nan da rai, shi ya riƙe ɗan ƙanensa har ya aurar da shi. Bai taɓa kai ƙarata wajen dangi ba, bai taɓa ƙin amsa sallamata ba. Duk watan cika-ciki shi da kansa yake takowa har rumfata tun ban je ba, ya miƙo mini sharata da hannun hagu, ya tambayi iyali, ya ce a huta lafiya, Malam. Na tsokane shi, na zagi dokinsa da ya mutu tuni, na kira shi ubangijin yunwa a gaban jama'a, sai ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Ga furfura ta cika mana kai, ni dai har yau jira nake ya ce mini bawa.