Tagar Kwano

Ranar wata Laraba ce, bayan an gama yankan riɗi, shekarar da na shiga aji uku, lori ya tsaya a ƙofar gidanmu a ƙauyenmu na kusa da Rusairis, aka fara sauke shingen ƙarfe. Muka watsar da 'yar carafke muka zo kallo, don mu darnin kara muka sani. Sandunan baƙaƙe ne wuluk masu tsini a kai, a tsakiya kuma an murɗa ƙarfen ya nannaɗe kamar yaɗon kabewa. Usta Bashir, maƙerin da ya kawo shi daga birnin Damazin, sai shafa shi yake yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kowace murɗa sai da ta sha wuta da guduma a hannunsa.

Ba don ɓarayi Baba ya yi wannan hidima ba, don akuyar maƙwabciyarmu Gwaggo Hawwa ya yi. Shekara uku tana cin darninmu, ta shigo ta ci shanyar dawa, ranar ƙarshe ta haɗa da hularsa ta Juma'a. Sai ya kama akuyar ya auna faɗin kanta da igiya, ya kai wa Usta igiyar, ya ce tsakanin sanda da sanda kada ya kai haka.

Abin da ya manta shi ne kafar da ke jikin tsohon darnin. Ƙofar gidan Gwaggo wani lungu daban take kallo, don haka tun kafin a haife ni ta wannan kafa kwano guda yake kai-komo kullum da azahar. Ya tafi da miyar kukar Inna, ya dawo da kisra, wato wainar dawa mai falle-falle, da miyar busasshiyar kuɓewa. Washegarin kafa shinge Inna ta zo da kwano, ya ƙi shiga. Ta karkata shi, miya ta bi murɗaɗɗen ƙarfen Usta ta zube ƙasa.

"To, Amina, an sa ƙarhe tsakaninmu ke nan. Kalas, magana ta ƙare," in ji Gwaggo, ta juya.

Kwana uku ba ta ƙara matsowa kusa da shingen ba. Na ga Inna tana share hawaye a bakin murhu, kuma ba hayaƙi ba ne, tsoro take ji zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan akuya. Da ta yi wa Baba magana sai ya ce shi da akuya yake yi, ba da Hawwa ba.

Rana ta huɗu Inna ta zuba tuwon Baba a kwanon nan, ta ce in zagaya in ajiye shi a gindin shinge ta ɓangaren Gwaggo. Baba ya dawo daga gona yunwa kamar ta kashe shi, ya tambayi abincinsa.

"Ga shi can, Malam. Ai hannu shina shiga," in ji Inna.

Girman kai ya hana shi zagayawa. Ya tsuguna ya zura hannu, yana jawo loma ɗaya-ɗaya, miya tana bin gwiwar hannunsa. Bai kai loma biyar ba akuyar ta iso, kuma da yake kwanon a ɓangarenta yake, ta fi shi samun wuri. Ta tsoma kai a ciki tana kallonsa ta tsakanin sandunan da aka auna da kanta. Gwaggo ta yi dariya a ƙarƙashin rumfarta har da faɗuwa daga kan kujera.

Da sassafe Baba ya hau motar Damazin. Usta ya zo yana gunaguni za a ɓata masa aiki, amma da aka miƙa masa kwanon sai ya tsaya yana jujjuya shi. Ya hura gawayi, ya gasa sanda biyu har suka yi ja, ya lanƙwasa su suka zama zobe daidai bakin kwanon, ya kewaye shi da ƙananan ganyayyaki, ya sa masa 'yar ƙofa mai sakata saboda akuya. Duk shingen babu wurin da ya kai nan kyau.

Yanzu gidajen unguwarmu bulo ne ya wuce kan mutum, shingenmu dai yana nan, jikokin Inna kuma da Larabci suke tambaya wannan taga ta mece ce. Gwaggo ta rasu da wata asuba, kwanon yana ɓangarenmu. Yana nan a kife kan kantar Inna, ba ta bari a zuba komai a ciki. Ta ce ba namu ba ne, komawa zai yi.